Hannun da Yaya ta Miƙa

Alhamis, 18 ga Agusta 1955, bayan magariba

Yau mun kai Yaya asibiti. Na ce mun kai ta, amma ɗaukarta aka yi, don da ƙafarta ba za ta je ba. Ta daɗe tana amai, kome ta sa a baki sai ya dawo, ita kuwa ta dage shawara ce. An sha jiƙo, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Da safen nan matata Lauratu ta same ta zaune a ƙofar ɗaki, ta kasa ɗaga butarta.

Mahaifiyata ce, amma Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa lokacin da nake hannun kakata, har duk gidan suka ɗauka. Ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son abu a wurina sai ta dubi bango, ko ta dubi Lauratu, ta ce, “Ku ce wa wancan,” alhali ina tsaye a gabanta. Na saba.

Likita ya danna cikinta, hannunsa ya daɗe a wuri guda. Abin da ya gaya mini a baranda ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce kafin kome sai an yi mata ƙarin ruwa, jikinta ya bushe.

Sista, Baturiyar da ke kula da ɗakin mata, ta zo da kwalba da tiyon roba da allura. Tana da kirki, sai dai Hausarta ba ta wuce “sannu” da “yauwa” ba. Ta ce in tambayi Yaya a wane hannu take so a sa mata, don za a ɗaure hannun a kan ɗan katako, ba lanƙwasawa, har sai ta fara cin abinci yana zama. Na faɗa da Hausa ina duban Lauratu. Yaya ta dubi bango. Ta zaro hannun dama daga cikin mayafi ta miƙa.

Sai na yi murmushi na yi wa Sista bayani. Na ce a ƙasarmu ba a miƙa wa mutum hagu, ko da soka maka allura zai yi, ladabi ne kawai ya sa ta ba da dama. Da dama take ci, da dama take jan carbi, saboda haka a sa a hagu. Sista ta ce su ma haka suka fi so, har ta gode mini da na fahimtar da ita al'ada. Na ji daɗin godiyar, ba zan ɓoye ba. Ba kowane akawun Fage ne zai tsaya gaban Baturiya ya yi bayani ba gargada ba.

Yaya ta sake miƙo hannun daman. Na ce wa Lauratu ta mayar mata da shi cikin mayafi.

Juma'a, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Ta sha kunu da safe, ya zauna. Idonta ya ɗan fito.

Lauratu ce ke jinya, tana kwana a tabarma gefen gado. Yaya ba ta da 'ya mace, mu biyu ne, ni da ƙanena Sabo da ke aikin reluwe a Nguru. Na buga masa waya. Yara suna wurin maƙwabciyarmu Ya Kaka, tsohuwar Babarbariya, aminiyar Yaya tun suna amare a Madabo. Ita ma ta so zuwa dubiya, gwiwa ta hana.

Asabar, 20 ga Agusta, da yamma

Na tarar an zagaye gadon da labule, na tsaya a baranda. Can Lauratu ta fito da buta a hannu ɗaya, da abu a rufe a ɗayan, ta wuce ni ko sannu da zuwa babu. Idonta ja.

Da na shiga Yaya ta juya wa bango fuska. Kunun safe yana nan yadda aka kawo shi, ya yi sanyi har ya tsinke. Na tambaya ko aman ne ya dawo. Lauratu ta ce a'a. Na ce to mene ne. Ta ce ba kome.

Lahadi, 21 ga Agusta, azahar

Ba ta ci ba.

Litinin, 22 ga Agusta, bayan isha'i

Da na tashi daga aiki na biya kasuwar Kurmi na sayo fura wurin matar da Yaya take cewa ita kaɗai ce ba ta ha'inci a gero. Lauratu ta dama da nono mai kyau, ta kai mata ludayin har hannu. Ta dubi ƙwaryar, na ga maƙogwaronta ya motsa, wallahi na gani. Sai ta ce, “Ku ce wa wancan ya daina wahalar da kansa.”

Wurin allurar ya kumbura, ya yi ja. Sista ta ce jijiyar ta gaji, sai an sauya wuri. Tana kwance bandeji Yaya ta sake fito da hannun dama. Sista ta dube ni. Na ce a nemi wata jijiyar a hagun, ƙasa kaɗan. Sai da aka soka aka sake sokawa kafin a samu. Ba ta yi ko tsaki ba.

Likita ya ce ruwan kwalba ba abinci ba ne. In ba ta ci ba, ba za a cire ba, kuma ƙarfinta zai yi ta tafiya.

Talata, 23 ga Agusta, da hantsi

Ta cire allurar da kanta da asuba. Ta kwance bandejin da haƙori da yatsu, Lauratu tana alwala a waje. Zanen gado duk jini.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bar aiki na zo a guje kan keke, na same ta zaune tana matsa hannun hagun, tana buɗe yatsu tana rufewa. Na yi magana da ƙarfi, ina duban Lauratu amma kowa a ɗakin ya san da wa nake. Na ce mun kawo mutum inda za a taimake shi, shi kuwa yana neman ya kunyata mu gaban mutane. Na ce wa Sista a mayar, a ɗaure sosai yadda ba za ta iya kwancewa ba.

An mayar. An ɗaure har gwiwar hannu.

Talata, bayan magariba

Ban taɓa ɗaga murya a gabanta ba sai yau. Na kasa cin tuwo.

Laraba, 24 ga Agusta, da yamma

An yi rasuwa a bayan layinmu, matar wani maɗinki. Da sassafe aka yi sallama a zaure ana neman Yaya, sun manta ba ta nan. Ita ce ke wankan gawar mata a wannan yanki na Madabo tun ina ƙarami, ita da Ya Kaka. Ba ta taɓa dawowa gida ta ce ta ga kaza a jikin wance ba. Takan shigo, ta yi wanka, ta sauya zane, ta zauna kan kaɗinta kamar daga barka ta dawo. Mata sukan ce in dai Kulu ce, wato Yaya, za ta yi maka, asirinka a rufe yake.

Mace ce da ba a taɓa mata buta. Ko muna yara, ka sha ruwa a moɗarta ba ta magana, amma ka ɗauki butar nan ka ga yadda fuska ke sauyawa. Ban taɓa ganin kanta ba kallabi ba.

Yau na lura carbinta yana ƙarƙashin matashi, ba ta taɓa shi ba. Hannun da na ce a bar mata don ci da carbi yana kwance a gefenta, ta nesanta shi da jikinta. Ba ya ci, ba ya ja.

Ya Kaka ta tare ni a zaure da na dawo. Ta ce, “Nata'ala ɗan boko, ka kai mini ƙawa gidan Turawa, sai ka dawo mini da ita yadda ka ɗauke ta.” Na yi ta maza na ce ai gobe-jibi za ta ga ta. Ta ce fuskata ba ta ce haka ba.

Alhamis, 25 ga Agusta, bayan isha'i

Mun yi faɗa da Lauratu, a baranda, ƙasa-ƙasa don kada a ji.

Ita ta fara. Ta ce ko zan roƙi Sista a mayar da allurar ɗaya hannun. Na ce saboda me. Ta ce haka dai. Na ce haka dai ba dalili ba ne, in an ɗaure dama da me za ta ci. Ta ce ai yanzun ma ba ci take ba. Wannan maganar ce ta tunzura ni. Na tambaye ta yaushe ta zama likita. Na ce in jinyar ce ta ishe ta, ta faɗa a fili, in nemo wata daga dangi. Na ce da uwarta ce a kwance da ta san yadda za ta lallashe ta ta ci.

Ta dube ni. Ta koma ciki.

Shekara goma sha muna tare, ban taɓa jin ta yi wa Yaya ko kallon banza ba. Na san haka lokacin da nake maganar. Na faɗa duk da haka.

Juma'a, 26 ga Agusta, bayan masallaci

Amsar Sabo ta zo, sai ƙarshen wata za a sake shi. Da Lauratu ta gaya mata sai ta buɗe ido ta ce, “Sabo zai zo? Allah Ya kawo Sabo lafiya.” Sau biyu a numfashi guda. Ni da nake zirga-zirga tsakanin Fage da asibiti har ƙafata ta yi kanta, wancan ne. Girma ya kama ni, da 'ya'yana, amma abin ya sosa mini rai, kuma na ji kunyar da ya sosa.

Ta rame. Zoben azurfarta yana yawo a yatsa. Ruwa kaɗai take kurɓa, shi ma sai leɓe ya tsage.

Hannun hagun ya yi baƙi daga wuyan hannu zuwa sama. Likita ya ce jijiyoyinsa sun kusa ƙarewa, in ta kama sai a tsaga fata a idon sawu a sa a nan. Ya tambaye ni ko akwai abin da ke damunta ban da ciwon, don a ganinsa ba ciwon ne ya hana ta ci ba. Na ce tsufa ne da taurin kai. Ni na ce haka.

Asabar, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Lauratu ta dawo gida ta yi wanka ta ga yara. Na same ta a bakin rijiya tana wanke zannuwan Yaya. Tun ranar Alhamis ba mu yi magana ba sai ta dole. Na tsaya a bayanta na ce abin da na faɗa rannan ban kyauta ba.

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da cuɗa zane. Ta ce akwai maganar da ba ta dace ta fito daga bakinta zuwa kunnena ba, ta yi ta addu'a in gane da kaina, amma tana tsoron kada a yi asarar rai saboda kunya. Ta ce in yafe mata, kuma kada in dube ta.

“Malam, da wane hannu ake tsarki?”

Ta ci gaba, ba ta juyo ba.

“Ranar Asabar da ta wuce ni na yi mata. Ni, surukarta. Ta rufe fuska da mayafi tana kuka ba sauti, tana cewa Allah Ya ɗauki ranta kafin gobe. Tun daga ranar, in an ja labule sai ta kore ni, ta yi da hannun da ya rage mata. Shi kuma kake cewa ta ci abinci da shi, ta ja carbi da shi. In na ce in ba ta a baki, sai ta ce duk abin da ya shiga sai ya nemi hanyar fita.”

Ta matse zanen ta shanya, ta shiga ɗaki.

Na zauna a bakin rijiyar. Ni da na yi wa Baturiya bayanin dama da hagu. Rabin na gaya mata, rabin da ake faɗa a gaban mutane. Ɗaya rabin, yaron da aka yaye jiya ya san shi. Sau uku tana miƙo hannun nan. Ba ta da bakin da za ta gaya mini, ni ɗan fari, kuma namiji. Ta faɗa da abin da take iya faɗa da shi, ni kuwa na sa aka mayar cikin mayafi, na sa aka ƙara ɗaurewa.

Baƙin ciki nake ji, irin wanda ban san inda zan ajiye shi ba.

Lahadi, 28 ga Agusta, da hantsi

Na sami Sista tun kafin likita ya zagayo. Turancin da nake taƙama da shi ya gudu. Na ce mata bayanin da na yi mata ranar farko bai cika ba, laifina ne, hagun take bukata. Ta tambayi dalili. Na ce akwai abin da mutum yake yi wa kansa da hagu a bayan labule. Fuskarta ta yi ja. Ta ce da ta sani. Na ce ai ta tambaya, ni na amsa.

Na roƙa a sake tambayar Yaya, ba ta bakina ba. Aka kira Bintu, ma'aikaciyar ɗakin, 'yar Ƙofar Ruwa. Ni na koma baranda ina leƙe ta taga. Bintu ta durƙusa ta ce, “Iya, wane hannun kike so?” Yaya ta daɗe ba ta motsa ba, ina jin ta zaci wata sabuwar wahalar ce. Sannan ta zaro daman.

Jijiyar ta fito sarai, suka ɗaya aka samu. Da aka kwance hagun ta ɗora shi a cinya tana dubansa. Ya kumbura, amma yatsun suna motsi. Ta ce, “Ku ba ni butata.” Aka ja labule, Lauratu ta fito ta tsaya kusa da ni. Ba mu dubi juna ba. An daɗe. Da aka buɗe ta gyara kallabinta da kanta, ta sa an juya ta gabas.

Lahadi, bayan isha'i

Yau daren cika-ciki. Duk Madabo ƙamshin miya, kowa ya sauko da wutsiyar ragon layyarsa da ya rataye tun Babbar Sallah. Ya Kaka ta dafa tamu, ta tace romon a ƙaramar ƙwarya, ta ce in kai wa ƙawarta, in ce mata yau ko mara lafiya ba ya kwana da yunwa.

Na isa kafin magariba. Sai a nan na ga abin da ban yi tunani ba. Dama a ɗaure, ita kuwa ko za ta mutu ba za ta kai hagu baki ba. Lauratu ta ɗebo romon ta matsa kusa. Yaya ta sunkuyar da kai. Tun ranar Asabar ɗin nan ba ta iya haɗa ido da ita. Lauratu ta tsaya jim, sai ta sa mini ludayin a hannu, ta ce za ta je ta ɗebo ruwa. Tulun a cike yake, na gani.

Muka rage mu biyu. Na ɗaga ludayin, romon yana zuba a kan zanen gado. Na kai bakinta. Ta kafa wa bango ido, kamar yadda ta saba in ina wuri. Na ce a raina shi ke nan. Sai ta buɗe baki.

Ta sha. Na sake ɗebowa, ta sha. Da na ga ta yi kamar ta gaji na ajiye ludayin a ƙwarya.

“Ƙara,” in ji ta.

Na waiga. Ba Lauratu, ba Bintu, matar gadon kusa tana barci. Da ni take.

Na ƙara.

Litinin, 29 ga Agusta, da yamma

Ta sha koko da rana, ya zauna. Na roƙi manajanmu ya riƙa sakina in an yi azahar, in rama da yamma. Ya yarda, yana ƙunƙuni.

Carbin ya fito daga ƙarƙashin matashi. Lauratu ta rataya mata shi a yatsun dama, can ƙarshen katakon. Babban yatsa kaɗai ke iya motsi, shi ke turawa.

Laraba, 31 ga Agusta, bayan la'asar

Na fara gane yadda take so. Ba a cika ludayi, kuma ba a hanzari. In ta ƙoshi takan ɗaga haɓa kaɗan. Har yanzu bango take duba. Ba ta sake ce mini kome ba, ni ma ban nema ba.

Yau na ji ta ce wa Lauratu sannu. Lauratu ta fita baranda ta daɗe.

Juma'a, 2 ga Satumba, bayan magariba

Sabo ya iso jiya a jirgi. Ɗakin ya cika da surutunsa. Yaya ta yi dariya har ta yi tari, tana tambayarsa matarsa da kifin Nguru, Sabo kaza, Sabo kaza. Na tsaya daga ƙafar gado.

Da aka kawo koko ya karɓe ludayin, ya ce yau shi ne mai hidima. Ya cika shi fal, ya tura, ya zubo mata a haɓa. Ta goge da bakin mayafi ta ce shi dai tun yana yaro ba ya yin abu a hankali. Ya sake ɗebowa. Ta kau da kai ta ce, “Ku ba wancan.”

Sabo ya miƙo mini yana dariya, ya ce, “Malam, ashe an yi mini juyin mulki.” Na karɓa.

Lahadi, 4 ga Satumba, da yamma

Sabo ya koma, hutunsa ya ƙare. Aman ya dawo da rana.

Litinin, 5 ga Satumba, bayan isha'i

Ludayi biyu, sai ta ɗaga haɓa. Ta yi ƙoƙari ta ƙara saboda ni, na ga haka, na ajiye.

Na tare likita a baranda. Na tambaye shi kwanakin nan da ta yi ba ta ci ba, ko su ne. Ya ce abin da ke cikinta yana tafiyarsa ne ko ta ci ko ba ta ci ba. Na ce amma da ta fi ƙarfi. Ya ce wataƙila. Ya dafa kafaɗata ya wuce. Wataƙilan nan ta biyo ni har gida.

Sista ta ce jijiyar daman ma ta fara gajiya. Ta ce in ta ƙare, Bintu za ta tambaye ta, ko a sa a ƙafa ko a bari. Na ce haka ya kamata.

Talata, 6 ga Satumba, azahar

Ta ce a bari. An cire. Hannu biyu a sake, ta yi alwala da kanta, a zaune. Kokon dai ba ta karɓi ludayin ba, ta bar mini.

Laraba, 7 ga Satumba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, 9 ga Satumba, bayan la'asar

An yi sadakar uku. Sabo ya dawo, ya yi kuka a gaban mutane, ba wanda ya ga laifinsa. Ni na zauna a zaure ina amsa gaisuwa.

Ranar Laraba an yi ruwa tun hantsi. Na fito daga ofis da azahar kamar kullum, ruwan ya tsananta, na fake a wata rumfa wajen Ƙofar Mata don kada in shiga ɗakin mata da jiƙaƙƙiyar riga. Ban daɗe ba. Na yi ta gaya wa kaina ban daɗe ba. Da na isa an zagaye gadon da labule, Bintu tana tsaye a waje.

Ya Kaka ce ta yi wankan, aka ɗauko ta da gwiwarta. Lauratu ta zuba mata ruwa. Ashe Yaya ce ta bar wasiyyar haka tun ranar Talata. Ta ce wa Lauratu tunda Allah Ya riga Ya nuna mata, kada a ƙara wani ido.

Ɗazu da mutane suka ragu Lauratu ta kawo mini kayan da aka kwaso daga asibiti. Buta, carbi, mayafi, da ƙwarya da ludayi a ciki. Ta durƙusa ba ta tashi ba. Ta ce akwai abin da take so ta gaya mini tun shekaranjiya.

Ta ce ranar da safe Yaya ta farka da sauƙi, har ta ce tana jin yunwa. Aka kawo koko da zafinsa. Lauratu ta ce ta sha ko kaɗan ne kafin azahar. Ta ƙi. Ta ce a rufe da faifai, a ajiye.

“Ta ce sai ka zo. Malam, ba ‘wancan’ ta ce ba. Sunanka ta faɗa.”

Na ce ta maimaita mini, yadda ta faɗa, kalma da kalma.

Lauratu ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Ka san ba zan iya ba.” Sai na tuna ita ma tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa faɗarsa ba. Ban matsa mata ba.

Na tambaye ta dai ko da ƙyar ya fito, ko ta yi in'ina, ko ta dubi bango. Ta ce a'a. A hankali ta faɗa, tana duban ƙofa, kamar wadda ta saba.